Ƙofa Biyu, Kujerar Gaba Ɗaya

Laranto, Jos.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya haɗa ka da shugaba mai adalci da maƙwabta masu mutunci, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin da ba ya tuna maka lokacin salla. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Dalili shi ne, in na zaunar da kai zan yi magana, Ummanku za ta shigo da gyara, kakarka Iya ta shigo da nata, kafin a tashi an mayar da ni wanda ake yi wa nasiha. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Shekaranjiya muna cin tuwo ka ce da zarar albashi ya zauna, motar da za ka fara saya ita ce mai ƙofa biyu, irin wadda ke tsakar gidan nan. Ka ga na ƙware, har Ummanku ta miƙo min ruwa tana danne dariya. Ba barkono ba ne. Lokacin da abubuwan suka faru kana jami'a a Zariya, sai hutu kake zuwa ka tarar ƙura ta kwanta. Na san ka ji gutsi-gutsi a bakin ƙannenka. To yau ka ji daga bakin wanda ya saye ta.

Kada ka zaci zagin motar zan yi. Wallahi ban taɓa riƙe sitiyarin abin da ya kai ta daɗi ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata a cikin a-kori-kura ina jigilar dankalin Turawa daga Bokkos, hannu ɗaya a giya, ɗaya yana riƙe ƙofa kada ta buɗe a kwana, ranar da na fara tuƙa wannan sai na riƙa leƙa allon gaba don in tabbatar injin bai mutu ba, saboda shirunta. Tana da faɗi, tana kwance a ƙasa, in ka shiga kwana sai ka ji ta manne da kwalta. Na hau Hawan Kibo da ita ina wuce tireloli suna nishi, ni ko canjin murya ban ji ta yi ba. Birkinta in ka taɓa, magana ta ƙare. Kujerun fata ne, masu rungume bayan mutum. Ga kyau. Ruwan toka ce mai sheƙi, ƙofofinta dogaye, gilashinsu ba shi da baki, sai ka ce an yanka shi da reza. Duk wanda ya ce maka motar banza ce, bai taɓa zama a gabanta ba. Ka lura da kalmar da na ce: a gabanta.

Kuskurena na farko shi ne na saye ta ban gaya wa kowa ba. Shekarar dankali ya yi albarka, 'yan Legas suna kira a sabuwar wayar salula suna cewa a ƙaro. Ina dawowa ta hanyar Bukuru na hango ta a wurin masu sayar da tokumbo, motocin kwancen Turai, na tsaya da niyyar kallo kawai. Mutum ɗaya na nemi shawararsa, Lasisi makanikena, shi ma bayan na riga na ba da kuɗi. Ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe ƙofa ya kalli kujerar baya, sannan ya kalle ni.

Ya ce, "Oga Alhaji, injin yana da kyau. Amma wannan mota, shi ba ya son jama'a. Shi na saurayi ne."

Na ce, "Lasisi, abin da na gani ke nan na saya."

Gaskiya na faɗa. Na gaji da zama direban unguwa. Duk biki, duk suna, duk jana'iza, a-kori-kurar Alhaji Ɗanjuma ce. Na ce a raina, mota mai ƙofa biyu ko wanda bai je makaranta ba ya san ba ta haya ba ce. Na shigo da ita gida ina ta hon. Ummanku ta fito tana goge hannu a zane, ta dube ta tun daga gaba har baya, ta ce, "Allah Ya sa alheri, Alhaji. Sauran ƙofofin sai yaushe za a kawo?"

Kabiru, duk abin da zai shigo gidanka ya zauna, mota ce ko kujera ko akuya, ka fara gaya wa waɗanda za su zauna da shi. Ba don ba ka isa ba. Don suna ganin abin da ɗoki ya rufe maka ido a kansa.

Kuskure na biyu shi ne zaton da na yi cewa ƙarancin ƙofa zai rage jama'a. Mutanenmu ba ƙofa suke dubawa ba, kai suke dubawa. Ba a yi nisa ba aka sa ɗaurin auren ɗan wani abokin kasuwancinmu a Daɗin Kowa. Na fito da safe cikin shadda sabuwa, sai na tarar da Malam Liman na masallacinmu da Alhaji Garba mai katako suna tsaye a ƙofar gida suna jirana. Ka san Alhaji Garba. In ya zauna a benci, na ɗaya gefen sai ya riƙe bango. Malam shi ne babba, gaba tasa ce ba gardama. Na kwantar da kujera na ce, "Alhaji Garba, anya kuwa?" Ya ce, "Haba, jirgin Makka ma na shiga." Ya tattara babbar riga, ya sa kai, ya ja numfashi, muka tura, ya faɗa ciki. Motar ta yi ƙasa ta baya.

Muna cikin tafiya, wajen neman rage rediyo ashe na danna wani maɓalli da ban san aikinsa ba. Can sai na ga Malam yana mutsu-mutsu. Ya gyara zama, ya sake gyarawa, carbinsa ya ƙara sauri. Da abin ya ishe shi ya matso kusa da kunnena ya ce, "Alhaji, in ka samu wuri ka ɗan tsaya. Ina jin wani ɗumi ta ƙasa, ina tsoron alwalata ta samu matsala." Na gangara gefen titi, bawan Allah ya fita ya duba rigarsa gaba da baya, ba komai. Sai da na dafa kujerar na ji ta kamar an sauke tukunya. Ranar na san motar tana ɗumama kujera saboda sanyin ƙasar Turawa. Malam ya koma ya zauna a ɗofane har Daɗin Kowa, bai sake yarda da ita ba.

Shiga ashe ita ce mai sauƙi. Da muka isa, ga jama'a cike da ƙofar gida, ga maroƙi ya hango sabuwar mota ya taso yana kirari, Alhaji Garba ya ƙi fitowa. Ya gwada da kai, kafaɗa ta hana. Ya gwada da ƙafa, ciki ya hana. Hularsa ta faɗa ƙarƙashin kujera. Mahaifin ango ya kama hannu ɗaya, ni na kama ɗaya, wani ya zagaya ta ɗaya ƙofar yana turowa, maroƙin nan kuma maimakon ya yi shiru sai ya koma cewa, "A ja a hankali, dukiya ce!" Da ya fito, rigar ta tsage daga hammata har ƙugu. Shi ne kuma wakilin da zai karɓi auren. Haka ya zauna a gaban mutane hannunsa manne da haƙarƙari kamar mai ciwon ciki. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Darasin nan shi ne, in ka san abinka ba zai ɗauki mutum ba, ka ce masa ba zai ɗauka ba, ka tarar masa tasi ka biya. Kunyar minti ɗaya a ƙofar gidanka ta fi wadda za a yi a gaban surukan mutane.

Akwai kuma ranar da na je da ita Bokkos sayen dankali. Wannan ba sai na ja ba. Manoman da muka shekara da shekaru muna ciniki da su suka zagaye ta suna shafawa, suna "Oga ya samu, oga ya samu," daga nan farashin buhu ya ƙi sauka daga inda suka ɗora shi. A hanyar dawowa kuma wani tudu ya cire min salansa, na shigo Jos da ƙara kamar injin niƙa. Motar kwalliya ba ta zuwa wurin ciniki, kuma ba ta san hanyar gona ba. Ka riƙe wannan.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Da na gano maɓallin nan sai na kasa yin shiru. Wata safiya ta damina, irin wadda sanyin Jos ke shiga har ƙashi, na ji Iya tana kukan ƙugunta. Na ce, "Iya, zo ki ga abin mamaki." Na zaunar da ita a gaba na danna. Ta lumshe ido, can ta ce, "Ɗanjuma, ashe Turawan nan suna da iyaye." Tun daga ranar, kullum bayan ta karya sai ta ɗauko carbinta ta ce a kunna mata kujera. Mota tana tsaye a tsakar gida, inji yana shan mai, Iya tana lazimi. Cikin jin daɗin albarkar da take sa min na ce, "Iya, kujerar nan taki ce har abada." Abin da na manta, ko na yi kamar na manta, shi ne a makon da na kawo motar, don in wanke laifin sayenta a ɓoye, na riga na ce wa Ummanku, "Kujerar gaban nan ba mai zama sai ke."

Alkawarin nan biyu suka yi ta zama lafiya, don ba a taɓa fita da su tare ba. Sai ranar sunan jikar gwaggonka Asabe a Bukuru. Su biyun suka fito cikin shiri. Ummanku ta ɗaura wani ɗankwali da ta ɓata rabin safiya a gaban madubi tana kafa shi. Na buɗe ƙofa na tsaya, sai a lokacin lissafi ya zo min.

Iya ta ce, "Rabi, shiga gaba mana, motar mijinki ce."

Ummanku ta ce, "Wane ni, Iya? Ke ce babba."

Iya ta ce, "A'a, ni da gwiwar nan ko a but aka sa ni ai na gode."

Duk suna magana da juna, amma ni suke kallo. Da ina da hankali da na ce su jira in ɗauko a-kori-kura, mu uku mu jeru a gaba kamar yadda muka saba. Amma ina so dangi su ga mota. Sai bakina ya ce, "To ai abin ba wuya, wadda ta fi ƙaramin jiki ta shiga baya." Iya kuwa ka san ta, iska mai ƙarfi tana iya ɗaukarta. Na ji abin da na faɗa bayan ya riga ya fita. Na yi saurin gyarawa na ce, "Ina nufin wadda ta fi ƙuruciya." Ummanku ta tattara zanenta. Ta sunkuya ta shiga. Rufin motar ya danne ɗankwalin nan ya mayar da shi kamar faifai. Da muka isa, wajen fitowa zanenta ya maƙale a ƙarfen kujera, sai da wata mata ta yi sauri ta kare ta da mayafi, a gaban dangina gaba ɗaya.

Ba ta yi faɗa ba, Kabiru. Da ta yi faɗa da na samu sauƙi. Abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa ba ta fasa ba, amma hira ta ɗauke daga gidan. Kuma ta daina shiga motar, ko da Iya ba ta nan. Za ta unguwa sai ta wuce ta gabanta ta tari acaba. Mutane suka fara tambayata a masallaci ko lafiya, sun ga Hajiya a kan babur ruwa yana dukanta. Ni kuma girman kai ya hana ni cewa komai. Ina ganin ai kujera ce kawai, me ya kai ta ga wannan duka? Muka shafe watanni a haka, gida ɗaya, kamar masu haya.

Kada ka taɓa ba mutum biyu abu ɗaya don kowa ya yi maka murmushi a ranarsa. Kuma in mace ta daina yi maka ƙorafi, kada ka ce an samu lafiya. Ka je ka tambaya tun da wuri.

Abin da ya warware mu buhun dankali ne. Ana lodi ya zamo ya faɗo min a ƙafar dama, idon sawu ya goce, aka yi ɗori. Ranar da zan koma a duba ni ta zo daidai da ranar da Iya ke ganin likitan gwiwarta. Ina zaune ina neman wanda zai tuƙa mu, sai Ummanku ta fito da mayafi ta miƙo hannu.

Ta ce, "Alhaji, kawo mukulli."

Na ce, "Ki kai wa wa?"

Ta buɗe jaka ta nuna min lasin mai ɗauke da hotonta. Ashe duk fitar nan a kan acaba, rabinta gidan Lasisi take zuwa. Matarsa, Maman Bose, wadda ke tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta, ita ta koya mata a wani fili. Na dubi Iya ko za ta hana. Iya ta riga ta zauna a kujerarta tana neman maɓalli da yatsa.

Saura wuri ɗaya a motar. Na shiga da baya da baya, ƙafar ɗori a miƙe, gwiwa ɗaya a haɓata, hulata a hannu don rufi ya ƙi ta. Ummanku ta mayar da kujera, ƙarfe ya ce ƙas, ta ja mu. Ba ta yi gargada ko sau ɗaya ba.

Da muka fito daga asibiti ta ce za ta ɗan tsaya a Taminus. Ta faka a bakin titi, wajen masu atamfa da suka baje kaya a waje tun bayan gobarar babbar kasuwa. Iya, mai gwiwar da ba ta iya shiga baya, ta ɗauki sandarta ta ce ita ma za ta taya zaɓe. Suka sassauta min gilashin gaba kaɗan, suka rufe ƙofa suka tafi.

A nan na san motata. Wanda ke baya ba shi da ƙofa. Ba shi da tagar da zai buɗe. Hannunsa ba ya kaiwa ga komai. Ba ya fita sai na gaba ya ga dama. Rana ta fito, fatar kujera ta fara gasa ni ba tare da an danna komai ba. Masu talla suna leƙowa suna wucewa. Wata mai ayaba ta tsaya ta ce, "Baba, an kama ka ne?" Ina cikin wannan hali sai ga inuwa ta rufe gilashi. Alhaji Garba ne, ya zo sayen ƙusa. Ya sunkuyo ya dube ni sosai, fuskarsa ta cika da farin cikin da ban gan shi da shi ba tun kafin ɗaurin auren nan.

Ya ce, "Alhaji Ɗanjuma, yaya masauki?"

Na ce, "Buɗe ni, don Allah."

Ya ce, "Ai ba a taɓa motar mutane ba da izini ba." Ya sayi masara gasasshiya, ya jingina da motar ya cinye ta tas yana ba ni labarin tsadar katako, sannan ya yi min sallama.

Bayan ya tafi na yi dariya har ƙafar ta amsa. Daga nan dariyar ta tsaya. Na tuna a nan na sa mahaifiyarka, matar da ta sayar da sarƙarta ta sa min taya a a-kori-kura lokacin da ba ni da komai, na kai ta gaban dangina a naɗe kamar tabarma, kuma ban taɓa ce mata ko sannu ba.

Da suka dawo da ledojinsu, tun kafin ta zauna na ce, "Rabi, ki yafe ni. Ban san haka nan yake ba."

Ta dube ni ta madubi. Ta ce, "Alhaji, janye ƙafarka, zan matso da kujera." Amma na ga gefen bakinta yana rawa. Kafin mu kai Laranto dariya ta ƙwace mata, har sai da ta rage gudu. Iya ta ce, "Ɗanjuma, tuƙin yarinyar nan ya fi naka, ita ba ta zuba ni a rami." Da ƙafata ta warke ban nemi mukullin ba, ita ma ba ta miƙo ba. Na koma a-kori-kurata, kuma ka ga dai yadda hira ta dawo gidan nan har tana hana mutum barcin rana.

Saboda haka ban hana ka ba. In Allah Ya hore maka, kuma kai kaɗai ne, kuma titin unguwarku mai kwalta ne, saya ka ji daɗin ƙuruciyarka, mota ce ta gaske. Amma kafin ka biya, ka ce wa mai sayarwa ya kwantar da kujera, ka shiga baya, ya rufe ka ya je ya sha shayi. In ya dawo, ka tambayi kanka wa za ka sa a wurin. Haka kuma in aka ba ka muƙami a wurin aiki, ka riƙa sanin yadda zaman na bayanka yake.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci halal. Kada ka yi gudu a hanyar da ba ka sani ba. Ka riƙa kiran Ummanku ko ba ka da labari, Iya kuma in ka kira ka ɗaga murya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka mace mai haƙurin mahaifiyarka, Ya ba ka hankalin da ya fi na mahaifinka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Game da tafiyar gobe, Ummanku ta ce ita za ta kai ka tasha bayan an karya, Iya kuma ta ce da ita za a yi rakiya. Ka san inda ya rage. Ka sa kaya marasa sitati, ka cire hula kafin ka sunkuya. Ni zan biyo ku a kan acaba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Ɗanjuma mai dankali.